Shekara 11 ina jan tirela, an ba yarona sabuwar mota ni an tura ni Legas

Assalamu alaikum Kawu, ya aiki ya iyali. Dan Allah a sakaya sunana. Ni direban tirela na, nan Sakkwato nike zaune, shekarata 11 ina ma wani kamfanin jigilar kaya aiki, tun suna da mota shida nike tare da su yanzu sun hi talatin. Hanyata Kano da Birnin Kebbi da Illela, ba ni sati ban kwan gida ba. Ban taɓa kada mota ba, ban taɓa ɓadda kayan kowa ba. To watan jiya anka kawo sabbin motoci, kowa ya san ni ad da layi, sai anka ɗauki guda anka ba yaron da ni na koya mishi tuƙi, shekara huɗu shina bayana shina wanke min mota da duba taya. Ni ko anka kira ni ohis, sabon manaja yac ce in shirya an maishe ni Legas ni da tsohuwar motata, ƙarshen wata in kama aiki can. Ya miƙo min wata takarda da Turanci wai in sa hannu, nic ce sai na yi shawara. Kawu ina da mata da ɗiya bakwai, ga tsohuwata ba ta da lahiya ni ka kai ta asibiti. Takardar ɗaukar aiki ba su taɓa ba ni ba, da can hannu aka ba mu albashi daga baya anka koma banki. Abokaina wasu sun ce in aje musu makullinsu in yi tahiyata, wasu sun ce in tahi amma in riƙa rage gas ina saidawa in fanshe. Ni dai raina ya ɓaci ƙwarai, ko gaisuwar yaron ga ba ni son amsawa. Mi kag gani?

Wa alaikumus salam ɗana. Allah shi ba tsohuwa lafiya shi sa kaffara ne. Na ji zafin da ke cikin saƙon nan, duk wanda ya taɓa zaman gareji ya san sabuwar mota ba maganar ƙyalli ba ce ga direba, ita ke raba wanda zai kwana gida da wanda zai kwana ƙarƙashin mota bakin daji yana jiran bakanike ya taso daga gari. Amma ni ba motar ce ta tsaya min a rai ba, takardar nan ce da aka miƙo maka. Ka yi dabara da ba ka sa hannu ba. Kar ka sa tukuna, kar kuma ka buɗe baki ka ce ba ka zuwa Legas, kar ka aje makulli.

Gobe ka koma ofis ka ce a ba ka kwafin takardar za ka kai a karanta maka, in sun hana ka ɗauki hotonta da waya gaba da baya, in wannan ma sun hana to ka riga ka samu rabin amsarka. Ka kai ma wanda ya iya Turanci sosai kuma ba a kamfanin yake cin abinci ba, malamin makaranta ko wani ma'aikaci a unguwarku, kuma kar ya dunƙule maka ya ce ai ba komai tiransifa ce, ya bi ta layi layi. Abu na farko da za ku duba sunan da ke can sama. Shin sunan da ke turo maka albashi ne harafi da harafi, ko wani ne mai kama da shi? Don masu motoci da yawa rajista biyu ko uku gare su, fenti ɗaya, Alhaji ɗaya, amma na Legas sunansa daban a wurin hukuma, wasu kuma sun koma miƙa direbobinsu ga ɗan kwangila, shi ke ɗauka shi ke biya shi ke kora, kamfani ya zare hannunsa. In da wani suna takardar ta zo to ba canjin wurin aiki ba ne, sabon aiki ake ɗaukarka, ranar da ka dangwala hannu shekara 11 ɗin nan ta tafi, ka koma ɗan jiya. Lokacin da nake akawu a garejin manyan motoci na ga an yi ma wani dattijo haka, ya sa hannu har yana godiya wai an ƙara masa kuɗin hanya, bayan 'yan watanni aka sallame shi da notis na sati ɗaya, ya zo yana lissafa mana shekarunsa aka buɗe fayil aka nuna masa kwanan watan da shi da kansa ya sa ma hannu.

Dokar ƙwadago ta ƙasar nan tsohuwa ce tun zamanin soja, amma a nan ta tsaya maka. Sashe na 10 ya ce ba a ɗauke ma'aikaci daga hannun mai aiki a miƙa shi ga wani mai aikin sai da yardarsa, kuma sai jami'in ƙwadago ya sa hannu kan canjin. Kenan in sunan daban ne kana da bakin cewa a'a, ko ka ce na yarda amma a rubuta shekaruna na baya suna biye da ni. Ku duba kuma ko akwai maganar gwaji na wata uku ko shida, ko wani wuri da aka ce kai da kanka ka ajiye tsohon aikinka, ko ranar fara aiki da aka sa ta bana. Ko ɗaya kuka gani cikin waɗannan kar biro ya taɓa ta.

In kuwa suna ɗaya ne, to sai ka daure ka ji wagga magana. Mai mota yana da ikon cewa yau ga inda motarsa za ta yi aiki, kuma direban da ya ƙi zuwa bai rubuta dalili ba, abin da za su sa a fayil shi ne ya gudu daga aiki, wanda ya gudu kuwa ba notis ba ko sisi. Abokan nan naka masu cewa ka aje makulli ka tambaye su wa zai sayi maganin tsohuwa wata mai zuwa. Wani lokacin ma abin da ofis ke jira kenan, an san in aka kore ka sai an biya wani abu kuma sai an sha surutun mutane, to sai a tura ka inda aka san ba ka so, kai da kanka ka yi zuciya ka tafi kyauta.

Yanzu maganar layi. Ka ce kowa ya san kai ke da layi, kowa wa? Layi na gaske a tasha yake, inda 'yan uniyon ke rubuta lambar mota a littafi, wanda ya riga shigowa shi ke fara lodi, in an tsallake ka akwai ciyaman da za ka kai ma ƙara, kuma ko ɗan kamasho ya san wane ya riga wane riƙe sitiyari. Kamfani ba haka yake ba. Girmanka a kamfani cikin kan mutanen da suka san ka yake, tsohon manajan da ya ga lokacin mota shida ya tafi da nasa sanin, sabon nan abin da ke fayil da kwamfuta kawai ya sani, abin da ba a rubuta ba a wurinsa bai faru ba. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ba inda doka ta ce sabuwar mota ta tsohon direba ce. Al'ada ce mai kyau kuma an saɓa maka ita, ba su kyauta ba ko kaɗan, amma ba abin da alƙali zai ƙwato maka ba ne.

Inda doka ta kula da daɗewa shi ne wajen rabuwa. Sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara 5 ko fiye notis ɗinsa wata guda ne ko a biya shi kuɗin watan, mai shekara 2 zuwa 5 sati biyu, wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba sati ɗaya. Sashe na 20 kuma ya ce in za a rage ma'aikata wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita, duk da an bar musu ƙofa ta duba ƙwarewa da riƙon amana, kuma a zauna a daidaita kuɗin sallama. Ka ga duk waɗannan suna tambayar abu ɗaya ne, yaushe ka fara? Kai kuma ba ka da takardar da ta faɗi haka. Sashe na 7 ya wajabta musu su ba ka ita cikin wata 3 da fara aiki, da sunanka da irin aikinka da albashinka da hutunka, laifinsu ne da ba su bayar ba, amma kai zai cutar in ba ka gyara ba.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to kai kana da sauran kwanaki kafin ƙarshen wata, ka yi amfani da su. Ka je bankinka ka ce a buga maka sitetimen tun daga watan da albashi ya fara shiga. Ka tono tsoffin wayabil, wato takardun lodi, da ke cikin jakar mota ko ƙarƙashin katifa, na san direba ba ya yarda su, musamman na shekarun da ake biyanku a hannu, duk wanda ke da sunanka da lambar mota da kwanan wata shaida ne. Katin aiki, fom ɗin garanto da wani ya tsaya maka lokacin ɗauka, saƙonnin WhatsApp da ofis ke turo maka na je ka ɗauki kaza ka kai wuri kaza, har hotunan da ka ɗauka gaban mota. Ka haɗa su ka yi hoto, asalin ya zauna gida wurin uwargida ba cikin mota ba. Sannan ka bincika fansho. Dokar 2014 ta ce kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya riƙa zuba kashi 10 cikin ɗari kai a cire maka kashi 8 a sa a asusunka, masu mota talatin sun wuce wannan nesa. In ana cire maka ka nemi kamfanin fanshon su ba ka sitetimen ka gani ko kuɗin na isa, don cirewa daban kaiwa daban. In ba a taɓa buɗe maka ba to wannan ma magana ce da za ta hau tebur, kuma ta fi sabuwar mota tsada in ka yi lissafin shekara 11.

Me ya sa aka ba yaron? Yana iya zama ɗan'uwan wani ne ko yana kai gaisuwa inda ba ka kaiwa, ba yau aka fara ba. Amma kafin ka yanke ka ciro lasin ɗinka ka duba, na tirela ne aji G, kuma bai mutu ba? Na san tsofaffin hannu da yawa da suka fi kowa iya mota amma lasin ɗinsu na ƙaramar mota ne ko ya ƙare tun tuni suna lallaɓawa da cin hanci a shinge, sabuwar mota kuwa da inshora take zuwa, sau da yawa da bashin banki a kanta, ba a ɗora mata wanda takardarsa ba ta cika ba. Ga tiraka mai nuna ma ofis inda mota take, ga wayar da ake son direba ya riƙa tura hoton wayabil da inda yake, yaran yanzu nan suka fi ku. Ga kuma abin da ba a faɗa, albashinsa bai kai naka ba kuma ba ya musu. Ita kanta Legas ɗin ba lallai horo ba ne, hanyar kudu ba a ba wanda ba a yarda da shi ba, kaya masu tsada ne daga tashar jirgin ruwa kuma tafiyar wajen kilomita 1,000 ce. Yadda za ka gane ko amana aka ba ka ko korar ka ake a fakaice shi ne abin da aka haɗo tiransifar da shi. In sun yarda a zauna a rubuta sharuɗɗa suna son ka. In suka ce kai dai ka je can za a gani, to ka gane.

Abin da za ka nema a rubuta, kuma kai ma a rubuce za ka nema, ka sa a buga maka wasiƙa gajera mai ladabi, ka ce ka karɓi umarni kana shirye amma ga abubuwan da kake roƙon a fayyace, ka kai kwafi biyu su buga hatimi kan ɗaya ka riƙe. A sa ranar da ka fara aiki ta asali. A sa wa'adi, shekara ɗaya ko abin da kuka daidaita, bayan nan a dawo da kai Sakkwato, don tiransifar da ba ta da wa'adi ƙaura ce. Ina za ka kwana, ɗaki za su ba ka ko kuɗin ɗaki, ko cikin kan mota suke nufi a Ogere, wurin fakin tireloli kan hanyar Ibadan zuwa Legas, kamar yadda ɗaruruwan 'yan'uwanmu ke yi wata da watanni, wanka da kuɗi, bayan gida da kuɗi, sauro kyauta. Kwanakin jira wa zai biya su? Wannan ka dage a kai, don kai ka saba ka sauke a Kano ka juyo, can kuwa jiran shiga tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can ko jiran a sauke ka a sito yana iya cin kwanakin da suka fi na tafiyar kanta. Tun Fabrairun 2021 aka kawo tsarin Eto na kiran mota ta waya kafin ta tunkari tashar, ya rage cunkoso amma bai hana jira ba, kuma tikitin da kuɗi ake yinsa, a rubuta cewa na kamfani ne. In kuɗinka kan kowane tirif yake to duk ranar da mota ta tsaya kai ka yi asara, sai a yanka maka kuɗin abinci na kowace rana.

Sai gas, kuma nan ne ake yanka tsofaffin direbobi ba wuƙa. Ofis yana da lissafin lita nawa ake ba mota daga wuri kaza zuwa wuri kaza, sau da yawa lissafi ɗaya ne ga kowa, alhali tsohuwar motarka da ta sha hanya ba za ta sha daidai da sabuwa ba, ga lodi mai nauyi, ga ramukan da ke sa ka wuni a giya ta biyu, ga go-sulo injin na aiki mota ba ta motsi. Ƙarshen wata a ce ka yi shoti a cire a albashi. Ka nemi a auna motarka ita kaɗai a tafiyar farko da wani ɗan ofis a ciki, abin da ta sha shi za a rubuta. Ka kuma sani sashe na 5 bai yarda a riƙa zaftare albashi yadda aka ga dama ba, cirewa don asara sai an tabbatar ganganci ne ko sakacinka kuma da izinin jami'in ƙwadago a rubuce, kuma duk abin da za a cire a wata bai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Tarar 'yan rodi sefti da bi'ayo masu duba lafiyar mota kan taya ko fitila ko takardun mota ta mai mota ce, kuɗin 'yan haraji na jihohi da ƙananan hukumomi da ke tare hanya da katako mai ƙusa shi ma a san daga aljihun wa zai fito tun kafin ka tashi. Kuma kafin motar nan ta bar gareji a duba birki da kuloci da tayoyi, ka tsaya a kai da kanka. Ka tambaya ko sunanka na cikin waɗanda suke biya ma NSITF, asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, dokar 2010 ce, kamfani ke zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi ba a cire ma ma'aikaci komai, ita ce ke biyan diyya in mutum ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Ba fata nake ba, amma mai ɗiya bakwai da zai riƙa bin wagga hanya dole ya tambaya.

Abin da na fi so ka roƙa, kuma ina ga shi ya fi sauƙin samu don bai ci musu ko kwabo ba, a riƙa ba ka lodin arewa. Kayan da ke tasowa daga Legas zuwa Sakkwato da Kebbi ai wani zai ja su, to ya zama kai. Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Ilori, ka haye gadar Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Koko, Jega, sai ga ka gida, ka sauke ka kwana biyu ka kai tsohuwa asibiti, ka ɗauki lodin komawa. In ka samu haka ko sau ɗaya ne a wata to sunan kawai aka canza maka, kana nan rabi da rabi. Hanyar dai ka san ba ta da daɗi, tsakanin Jebba da Kontagora akwai wuraren da mota ɗaya in ta faɗi kowa ya kwana, kuma akwai inda ba a bi in rana ta faɗi, kai da ka saba da Gusau zuwa Funtuwa ba sai an koya maka wannan ba, ka bi ayari ka tsaya inda 'yan'uwa suka tsaya ko ofis na ta kira. Sabon titin Sakkwato zuwa Badagiri da aka ƙaddamar da aikinsa a 2024 kar ka sa shi a lissafi tukuna. Kuma dan Allah ban da ƙwayar hana barci, doguwar hanya ita ke jefa mutane cikinta, in barci ya zo ka faka. In ka sauka can ka nemi mutanenmu, akwai Sakkwatawa da Kabawa cike a kasuwar Mile 12 wajen albasa, akwai Agege, ko'ina da Sarkin Hausawa, ka je ka gaishe shi ya san da kai. Rikicin ƙabilancin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021 ya isa ya nuna ma kowa baƙon da ba wanda ya san inda yake kwana shi ke fara shiga uku.

Maganar tsohuwa ka sa ta cikin wasiƙar, da katin asibitinta, ka roƙi a ɗaga maka ko wata ɗaya ne ka shirya gida. Ka zaunar da 'yan'uwanka ku raba ranakun asibiti, ba kai kaɗai ta haifa ba ina zato, kuma ka tambaye ta ita kanta me ta gani, don in ta ce je ka Allah shi yi albarka za ka tafi da zuciya ɗaya. Uwargida kuma ka buɗe mata asusu in ba ta da shi, ka yanke abin da zai riƙa shiga ranar albashi kafin ka taɓa komai, kuɗi a hannun baƙo a Legas ba sa kwana. In lalurar tsohuwa ta kai wadda ba za a iya barinta ba sam, wannan wani hukunci ne, uwa ta fi aiki, amma ko a haka ma ta ƙofa za ka fita, notis na wata guda a rubuce, a yi lissafin mota da kaya a gabanka a ba ka takardar cewa ka miƙa komai lafiya, don kar gobe a bi wanda ya tsaya maka garanto da bashin taya.

Saida gas kuwa, a'a. Haram ne, amana aka ba ka, zaluncin da aka yi maka bai halatta maka wannan ba. Ga shi kuma wauta ce, shekara 11 ba su da abin kama ka da shi, ranar da aka gan ka da jarka bakin tanki ka ba su, su kore ka ba ko sisi har su haɗa ka da 'yan sanda, sunan kuma ya riga ka zuwa kowane gareji.

Yaron nan ka amsa gaisuwarsa. Ba shi ya raba motoci ba, kuma da kai aka miƙa ma makulli kana shekarunsa ba za ka ce a'a a kai ma maigidana ba. Wataƙila shi ma kunya ke cinsa. Ka kira shi ka sa masa albarka, ka faɗa masa abin da zai kula da shi a sabuwar mota, wanda ka koya ma tuƙi har aka ga ya isa a ba shi sabuwa ai hannunka ne aka yaba ko ba su faɗa ba. Kuma ka tambaye shi, yaro ne mai ƙarfi da ƙarancin nauyi a kai, wasu irinsu su ke neman hanyar Legas don kuɗin hanyarta ya fi. In yana so ku je tare ku ce a musanya, shi ya tafi da sabuwar da za ta jure doguwar hanya, kai ka zauna da tsohuwar motarka kan Kano da Illela inda bakaniken da ya san ciwonta yake kusa. Wanga lissafi ko manaja zai ga ribarsa, don tura tsohuwar mota kudu a bar sabuwa tana zirga-zirgar da ba ta kai kilomita 100 ba zuwa Illela ba dabara ba ce ga mai kuɗin.

Kar ka je ma manaja kai kaɗai da ɓacin rai. Mai kamfanin da kuka faro tun mota shida yana raye ai, ka samu dattijon da yake jin kunyarsa, liman ko wani babban ɗan kasuwa da kuke ɗaukar ma kaya, ya raka ka ku gaishe shi, ba ƙarar manaja za ka kai ba, cewa za ka yi Alhaji an tura ni kuma zan je, ga abin da nake roƙo. Sau da yawa mai abu bai ma san abin da ake yi da sunansa ba. In kana da katin uniyon ka sanar da ciyaman na reshenku na manyan motoci, amma ka bambance, NURTW ce ta direbobi, NARTO ƙungiyar masu motoci ce, kar ka kai kukan Alhaji gidan su Alhaji. In duk wannan bai yi ba akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya nan cikin Sakkwato, suna kiran mai aiki a zauna sulhu, bayansu sai kotun ma'aikata wadda ita ma tana da reshe a garin nan, amma ita ta ƙarshe ce, shari'a na cin lokaci kuma ranar da ka shigar da ƙara ka san zama ya ƙare.

In ma barin za ka yi, ka fara samun inda za ka dafa. Aiki akwai ga mai hannu irin naka, lokacin albasa daga Goronyo da Wurno da Aliero ba a rasa lodi, ga shanu, ga siminti, amma mafi yawan masu mota ɗaya ko biyu ba albashi suke biya ba, in mota ta yi tafiya ka samu in ta kwanta ka kwanta, kuma albasar ma ina ake kai ta in ba kudun da kake gudu ba. Hanyar Illela kuma kai shaida ne yadda take mutuwa rana ɗaya, an rufe boda a 2019, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, masu dogaro da ita kaɗai sun ji a jikinsu.

Ni abin da na gani ka tafi, amma da takarda mai ɗauke da ranar da ka fara aiki, da wa'adin dawowa, da lodin arewa, in musanyar da yaron ba ta yiwu ba. Ka turo min hoton takardar da suka ba ka ta inbos, ka rufe sunanka da yatsa in kana so, saman da ƙasan nake son gani, da sunan da ke fitowa a alat ɗin albashinka.